Aikin alƙalin wasa yana farawa tun kafin ya busa usur

A filin unguwa babu likita, babu motar asibiti. Mutum ɗaya ne doka ta ba ikon ya ce ba za a buga ba, shi ne alƙalin wasa. Dokokin ƙwallo goma sha bakwai da hukumar IFAB ke tsarawa, su ake bi a gasar cin kofin duniya, su ne kuma ake bi a filin firamare, kuma Doka ta 5 ta ce ikon alƙali yana farawa ne tun sa'ad da ya taka filin don dubawa.

To, me zai duba? Ya zagaya da ƙafa, ya ga rami, fasasshiyar kwalba, turken da aka ɗaure akuya da safe. Ya girgiza raga da hannunsa, domin Doka ta 1 ta ce dole ta kafu sosai a ƙasa. Idan sandar sama ta karye, a tsaya a gyara. In ba ta gyaru ba, wasa ya tashi. Igiyar da muka saba ɗaurawa tsakanin turaku biyu kuwa, doka ta ambace ta da suna ta hana.

Inda aka fi jin nauyi shi ne jikin 'yan wasa. Doka ta 4 ta hana zobe, sarƙa, ɗan kunne, warwaro, har da abin hannu na fata ko na roba. Ke nan kambun da ke damtse ma ya shiga ciki. Na san da wuya matashin alƙali ya dubi ƙaton da ya girme shi ya ce "Yaya, cire wannan." Amma na taɓa ganin zobe ya tsaga girar yaro wajen tsallen kai, jini ya rufe masa ido, uwarsa na bakin fili tana salati. Wanda ya ƙi cirewa sai a ba shi katin gargaɗi. Abin kare ƙwauri shi ma wajibi ne.

Idan wasa ya kankama, ƙaramin rauni zai jira ƙwallo ta fita. Babba kuwa, a tsayar nan take. Mai zubar da jini ya fita, ba zai dawo ba sai alƙali ya ga jinin ya tsaya kuma babu shi a riga. Wanda ya faɗi babu wanda ya taɓa shi, wannan ba abin jira ba ne ko daƙiƙa guda. Haka ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji ya faɗi a Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, a wasan Najeriya da Angola, bai tashi ba.

A zafin Afrilu, Doka ta 7 ta ba da hutun shan ruwa da bai wuce minti ɗaya ba, da hutun shan iska na daƙiƙa 90 zuwa minti uku. In hadari ya haɗo da tsawa, ko 'yan kallo suka fara jifa, ko magariba ta rufa har ba a ganin ƙwallo, alƙali yana da ikon dakatarwa ko ya tashi wasan, ko da saura minti biyar kuma kofi na kan tebur. Sai ya rubuta abin da ya faru ya miƙa wa masu shirya gasar.