Badminton ba wasan yara ba ne, a daina raina shi

Jama'a wai me ya sa a nan Katsina in ka ce kana tirenin ɗin badminton sai a ce ai wasan motsa jini ne kawai, ko koci ba ya buƙata? Wallahi maganar nan tana damuna.

Ƙwallon fa gashin tsuntsu 16 ne a jikinta, nauyinta wajen giram 5, amma in ƙwararre ya make ta gudunta na wuce kilomita 400 a awa. Kuma masu cewa ƙarfin a wuyan hannu yake sun yi kuskure, daga ƙafa yake tasowa ya bi ta ƙugu da kafaɗa sannan damtse ya murɗa, shi ya sa koci na kirki zai sa yaro ya yi ta gudu zuwa kusurwoyin fili ba ƙwallo har ya gaji, kafin a zo maganar duka.

Ga kuma zuciya. Ana buga maki 21, in wani ya kai 11 a huta minti ɗaya, yaron da bai koyi kwantar da hankali a wannan mintin ba sai ya zubar da wasan duk iyawarsa. Tun 1992 ake buga shi a gasar Olamfik fa.