Jera sakamako a manhajojin binciken fayil

Jera sakamako shi ne tsara sunayen fayilolin da manhajar bincike ta samo bisa wata ƙa'ida, kamar tsarin haruffa ko lokacin da aka yi wa fayil gyaran ƙarshe. Batun ya shafi manhajojin da ake rubuta wa umarni da hannu, irin su find da fd da ripgrep.

Mai sabon hannu yakan ɗauka sunaye za su fito daga A zuwa Z, amma ba haka abin yake ba. Manhajar find ta GNU (ƙungiyar da ke samar da manhajoji na kyauta) tana fitar da su ne yadda ma'ajiyar kwamfuta ta miƙo mata, shi ya sa folda ɗaya kan ba da jeri daban a kwamfutoci biyu. Masu aiki da ita sukan tura sakamakon zuwa umarnin sort, mai jera layukan rubutu. Ita kuwa find ta tsarukan gudanar da kwamfuta na FreeBSD da macOS tana da zaɓin -s, mai jera abin da ke cikin kowace folda.

Sababbin manhajoji sun ƙara dagula lamarin saboda neman sauri. Ripgrep, wadda Andrew Gallant ya fitar a 2016, tana raba aiki kashi-kashi su gudana a lokaci guda, wanda ya riga gamawa shi ke fara bayyana. Tana da zaɓin --sort, mai jerawa bisa suna ko lokacin gyara ko na ƙirƙira, da --sortr mai juya jerin. Sai dai da zarar an zaɓi ɗayansu, aikin ya koma layi ɗaya, saurin ya ragu. Dalili a fili yake: ba a sanin sunan da zai zo farko sai an ga sauran. Wannan farashi ya cancanci biya ga mai kwatanta sakamakon jiya da na yau, domin jerin da ke sauyawa kullum yana ɓoye ainihin abin da ya canja.

Manhajar fd ta David Peter ta bi tsaka-tsaki. Tana riƙe sakamako na ɗan ƙiftawar ido. Idan bincike ya kammala a ciki ta jera, in ya zarce ta sake shi yadda ya zo.

Akwai abin da ya shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye. Idan aka jera bisa lambobin haruffa zalla, kamar yadda saitin harshe na LC_ALL=C ke sa sort ya yi, ɓ da ɗ da ƙ sukan faɗa bayan z, har fayil mai suna "ƙasa" ya zo bayan "zane".