Kifin neon tetra: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Daga ina kifin nan ya fito?

Daga Kudancin Amurka, a ƙoramun yankin kogin Amazon da ke yammacin Burazil, gabashin Peru da kudu maso gabashin Kolombiya. A 1936 masana suka ba shi suna.

Ana cin sa?

A'a. Da ƙyar tsawonsa yake kai santimita 4, kuma don ado ake kiwon sa.

Zan iya ajiye ɗaya kawai?

Kada ku yi haka. A gungu yake rayuwa, kuma wanda bai shirya sayen aƙalla shida ba, gara ya haƙura.

Zai rayu a zafin Kano ko Sakkwato, cikin ruwan burtsatse?

Mai yiwuwa ne, amma da sharuɗɗa. A mazauninsa na asali bishiyoyi suna rufe ƙoramun da inuwa, ganyayen da suka faɗa ciki suna ruɓewa har ruwan ya yi launin shayi, ya yi ɗan tsami, ga ƙarancin ma'adinai. Ya fi son ruwan da ɗuminsa yake tsakanin digiri 20 zuwa 26 na ma'aunin Celsius, alhali ɗakin da ba a sanyaya shi a watan Afrilu yana iya zarce haka nesa, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai. Idan akwatin gilashin da ake kiwon kifin a ciki yana nesa da taga, kuma na'urar tace ruwa ba ta yawan tsayawa saboda ɗauke wuta, za a iya gwadawa. Ruwan burtsatse kuwa ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, sai an auna shi. Na famfo dole a cire masa kulorin. Waɗanda aka haifa a gonakin kifi na Asiya sun fi jure ruwa iri-iri, sai dai zafi ba ya ƙyale su. Ɗan'uwansa cardinal tetra, wanda masunta suke kamawa a kogin Rio Negro kusa da garin Barcelos na Burazil, ya fi shi jure ɗumi. Abin da yake ɓata mini rai shi ne mutum ya cika sabon akwati da safe, ya zuba kifi da yamma, sannan idan kifin ya mutu ya zargi mai sayarwa. Ku bar na'urar ta yi makonni tana aiki tukuna.

Na kunna fitila da asuba na ga launinsa ya koɗe. Ciwo ne?

Ku kwantar da hankalinku, haka yake yi cikin duhu, kuma shuɗin layin da ke gefen jikinsa zai dawo bayan ɗan lokaci. Idan farin tabo ya zauna a jikinsa, bayansa kuma ya fara lanƙwashewa, ku ware shi nan take, domin wannan alamar cuta ce mai yaɗuwa kuma ba ta da magani.