Rukunin Kuɗin Fito na Tufafin Yara

Rukunin kuɗin fito na tufafin yara shi ne gurbin da hukumar kwastam ke sanya kayan sawar yara da aka shigo da su daga waje, domin a san harajin da ya hau kansu. Ƙasashe da yankuna sama da 200 suna bin tsari guda na rarraba kayayyaki babi-babi da ba kowane kaya lamba, mai suna HS, wanda Hukumar Kwastam ta Duniya da ke Brussels ke kula da shi.

Tarihi

A da, kowace ƙasa da nata jerin kayayyaki, har ɗan kasuwa ya ga rigarsa ta sauya suna da haraji daga wannan iyaka zuwa waccan. Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta farko ta yi ƙoƙarin haɗa jeri ɗaya a Geneva wajajen shekarun 1930, amma bai samu karɓuwa sosai ba kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. A 1950 aka sa hannu kan yarjejeniyar Brussels, daga nan aka kafa majalisar haɗin gwiwar kwastam a 1952, wadda ta ɗauki sunanta na yanzu, wato Hukumar Kwastam ta Duniya, a 1994. Tsarin HS kuwa an amince da shi a 1983, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1988. Ana yi masa gyara kusan duk bayan shekara biyar. A gyaran 2012 aka ware wa kunzugun jarirai da audugar mata sabon gurbi, lamba 9619.

Yadda ake rarrabewa

Tsarin bai ware wa yara babi ba. Abin da jami'i ke fara dubawa shi ne irin saƙar. Tufafi masu saƙa mai miƙewa, irin ta singileti da suwaita, suna Babi na 61. Waɗanda aka ɗinka da yadi, irin yadin riga da wando na makaranta, suna Babi na 62.

Jarirai kaɗai ke da gurbinsu, wato 6111 da 6209. Ba a duba shekaru, ana duba tsawo ne: kayan da aka yi wa yaron da bai wuce santimita 86 ba. Duk abin da ya shiga wannan awo nan zai zauna, ko da akwai wata lamba da ta dace da shi. Da zarar awon ya haura haka, wandon yaro ɗan shekara uku lambarsa ɗaya da na mahaifinsa, rigar yarinya kuma tana tare da ta mata. Singileti na kowa yana 6109.

Wajen bambance na maza da na mata, ana duba yadda gaban riga ke rufewa. Idan ɓangaren hagu ne ke hawa kan dama, ta maza ce. Idan dama ce ke hawa kan hagu, ta mata ce, sai dai in ɗinkin ya nuna akasin haka a fili. Wadda aka kasa tantancewa akan sa ta cikin na mata. Wannan ƙa'ida ta fi tasiri a kayan ƙananan yara, inda ɗinki ɗaya ke yi wa kowa.

Bayan haka sai zare. Idan an gauraya auduga da zaren roba, wanda ya fi nauyi shi ke yanke hukunci: 6111.20 ta auduga ce, 6111.30 ta roba.

A Afirka ta Yamma

Alƙaluma shida na farko na lambar kowane kaya ɗaya ne a ko'ina, amma kuɗin da ake biya kowace ƙasa ko ƙungiya ke yanke nata. Shugabannin ECOWAS sun amince da kuɗin fito na bai ɗaya a Dakar a Oktoban 2013, ya fara aiki a Janairun 2015, da matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Tufafin da aka gama ɗinkawa suna matakin kashi 20, ban da harajin VAT da sauran ƙananan kuɗaɗe. A Najeriya, Babban Banki ya hana masu shigo da tufafi samun dala ta hannun hukuma daga 2015, ya janye hanin a Oktoban 2023.

Gwanjo

Kayan da aka riga aka sa suna lamba 6309, ba ruwanta da babba ko yaro, muddin alamar sawa ta bayyana a jikinsu kuma sun zo a dila ko buhu. Najeriya ta sa gwanjo cikin kayan da aka haramta shigowa da su, duk da haka yana cika kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano, galibi ta hanyar Kwatano da Jamhuriyar Nijar. Masu masaƙu na ganin hanin kariya ne ga sana'arsu, iyaye masu ƙaramin ƙarfi kuma da gwanjon suke tufatar da 'ya'yansu.