Jiran gashi da hasken inji (radiotherapy) bayan tiyatar sankarar mama: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa ba a fara gashi da zarar an gama tiyata?

Sai wurin aikin ya warke. Hasken injin gashi yana hana sabon nama haɗewa, shi ya sa likitoci kan bar makonni 4 zuwa 8 su wuce. Wadda za a yi wa kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara da ke bin jini) kuwa, yawanci shi ake fara yi, gashi ya biyo baya da kamar makonni 3 ko 4.

To idan lokacin ya wuce, an ce injin ya lalace ko layi ya yi tsawo fa?

Nan ne barci ke ƙaurace wa ido, kuma ba laifinki ba ne. Ki tuna an riga an cire ƙullutun. Aikin gashi shi ne kashe ragowar ƙwayoyin da ido ba ya gani, don kada cutar ta dawo wurin. Ƙarin mako ɗaya ko biyu ba ya rushe aikin. Amma idan ana neman wata 3 da tiyata, ba kya kan kemo, 'yar'uwa kada ki zauna jiran kira. Ki koma wurin likitanki ya rubuta miki takardar zuwa wata cibiya: akwai Asibitin Ƙasa na Abuja, da na Shika a Zariya, da na koyarwa a Sakkwato. A Nijar ma an fara gashi a Yamai tun 2021. A buga waya a tabbatar injin yana aiki kafin a biya kuɗin mota, kuma ki riƙe sakamakon gwajin naman da aka cire da hotunanki duka a jaka ɗaya.

Ki kuma tambayi likita ko maganin tamoxifen ya dace da irin taki cutar, don wasu kan fara shi tun suna jira.

Me zan yi da kaina kafin ranar?

Ki motsa kafaɗa. A kan gadon injin za ki kwanta ne hannu a ɗage sama da kai, kuma kafaɗar da ta sage kan ƙara jinkirta farawa. Ki fuskanci bango, ki riƙa hawa da yatsunki a hankali, kamar yadda aka nuna miki a asibiti. Ki nemi masauki da ɗan rakiya tun yanzu, domin yawanci sau 15 ko 25 ake zuwa, Litinin zuwa Juma'a.

Zan iya shafa maganin gargajiya kafin nan?

A'a, don Allah. Yana iya sa ciwon ya ruɓe, gashin ya ƙara nisa. In kin ga mugunya, zazzaɓi, sabon ƙullutu ko kumburin hannu, ki je asibiti a ranar.