Waiwaye: Motar Gas da Goyon Bayan da Ke Tashi da Faɗuwa Tare da Farashin Fetur

Duk sa'ad da fetur ya yi tashin gwauron zabi, maganar mayar da motoci kan iskar gas takan dawo bakin jama'a. Ƙungiyoyin direbobi su yi taro, a zagaya da takardar koke ana sa hannu, a matsa wa 'yan majalisa su yi dokar da za ta rage kuɗin juya mota, ta sauƙaƙa harajin tukwane da kayan haɗi. Yanzu haka wannan muhawara na ci a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Masu goyon baya na cewa gas ya fi arha, hayaƙinsa bai kai na dizal ba, kuma ƙasashe da yawa a ƙarƙashin ƙafarsu yake. Masu ja da baya na kawo tsadar juyawa, da tsoron fashewar tukunya, da dogon layi a gidajen gas, wasu ma su ce ai duniya ta wuce nan, lantarki ake magana. Abin da ya haɗa ɓangarorin biyu shi ne suna magana kamar jiya aka fara. Alhali zancen ya doshi shekara casa'in, kuma an riga an gwada kusan duk abin da ake nema a yau.

Farkon labarin sananne ne. Italiya ce ta fara tuƙa motoci da gas da yawa tun shekarun 1930, saboda ba ta da mai amma tana da gas a kwarin Kogin Po. Bayan yaƙin duniya na biyu mai ya yi arha, sauran ƙasashe suka manta da batun. Takunkumin mai na 1973 ya farkar da su, juyin juya halin Iran na 1979 ya ƙara girgiza su, daga nan gwamnatoci suka shiga neman abin da zai maye gurbin fetur. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne abin da ya faru a wata ƙaramar ƙasa da ke can ƙarshen taswira, Niyu Zilan, wadda ta yi gwajin tun daga farkonsa har ƙarshensa cikin kusan shekara ashirin.

A 1979 Niyu Zilan na shigo da mafi yawan man da take ƙonawa daga waje, kuma matsin ya kai har aka kafa dokar da ta tilasta wa kowane mai mota ya zaɓi rana ɗaya a mako da motarsa ba za ta hau titi ba. Ana manna wata takarda a gilashin gaba mai nuna ranar da ya zaɓa. Dokar ba ta kai shekara ba aka soke ta a 1980, amma ta bar ɗaci a zukatan mutane. A daidai wannan lokaci ne aka fara fitar da gas daga babbar rijiyar Maui da ke cikin teku kusa da yankin Taranaki, wadda aka gano tun 1969. Ga ƙasa na kukan mai, ga gas ya fi ƙarfin buƙata. Gwamnati ta fito da shirin mayar da motoci 150,000 kan gas zuwa 1985, ta ba da tallafi da rance mai sauƙi ga mai son juya motarsa, ta kuma taimaka wa masu son buɗe gidajen gas.

Ba a sha wahalar shawo kan jama'a ba. Mai tasi da ke yini a kan titi yana lissafi a kansa ya ga cikin 'yan watanni kuɗin juyawar zai dawo. Garejoji suka koyi aikin, samari suka samu sana'a, gidajen mai suka sayi injin matse gas. Kafin tsakiyar shekarun 1980 motoci kusan 110,000 sun koma gas, wato kamar ɗaya cikin kowace mota goma a ƙasar. Ko a yau ƙasashe kaɗan ne suka taɓa kai wannan kaso. Kuma an kai shi ne kusan a tsibiri ɗaya daga cikin manyan tsibirai biyu na ƙasar, wato na arewa, domin bututun gas bai tsallaka teku zuwa tsibirin kudu ba.

Sai a duba yadda motar take. Gas ɗin ana matse shi ne har ƙarfinsa ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 200, a ɗura shi a tukunyar ƙarfe mai kauri da nauyi, a ɗaure ta a but. Rabin wurin kaya ya tafi ke nan. Tukunya cike ba ta kai ka nisan da tankin fetur zai kai ka, motar kuma takan ɗan rage ƙarfi a kan hawa. Bayan 'yan shekaru dole a sauke tukunyar a gwada lafiyarta, a biya. Saboda waɗannan ne ba a cire tankin fetur. Ana barinsa, a sa wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari, in gas ya ƙare a hanya direba ya taɓa shi mota ta koma shan fetur ba tare da ta tsaya ba. Da wannan maɓalli ake kwantar wa mai shakka hankali a gareji, a ce masa ai ba abin da za ka rasa.

Gaskiya ne, direba ba abin da ya rasa. Mai gidan gas fa? Shi ya ci bashi ya sayi injin matsewa, ya ja bututu, yana biyan wuta da ma'aikata, kuma injin nan ba shi da wani amfani in ba sayar da gas ba. Direba na iya barin gas da ɗan yatsa ɗaya, shi kuwa mai gidan an ɗaure shi na shekaru. Shirin duka ya tsaya ne a kan abu guda, wato tazarar da ke tsakanin farashin fetur da na gas ta ci gaba da faɗi har ta biya wahalar but da gajeren zango.

A tsakiyar shekarun 1980 abubuwa biyu suka zo kusan tare. Ƙasar ta shiga sauye-sauyen tattalin arziki da suka rage tallafi a fannoni da yawa, tallafin juya mota ya bi sahu. Sai kuma a 1986 farashin ɗanyen mai ya rikito a kasuwar duniya, daga kusan dala 30 a ƙarshen 1985 zuwa wajen dala 10 a tsakiyar shekarar. Tazarar ta tsuke. Sabbin masu juyawa suka ɗauke ƙafa. Waɗanda suka riga suka juya ba su yi zanga-zanga ba, ba su rubuta wa majalisa ba, maɓalli kawai suka taɓa. Wanda ya zo sayar da motarsa ya cire tukunyar, wanda ya sayi sabuwa bai sa ba. Ciniki ya ragu, gidan gas na unguwa ya rufe, direban da ke son ci gaba da gas ya ga sai ya yi zagaye mai nisa kafin ya samu, shi ma ya haƙura, gida na gaba ya rufe. Kamar tsumma ne da zare ɗaya ya zare. Cikin shekarun 1990 abin ya yi ta raguwa har ya kusan ɓacewa, alhali gas ɗin na nan a rijiya, fasahar kuma ba ta gaza ba.

A ganina nan ne ya kamata duk mai neman irin wannan doka ya daɗe yana dubawa. Mutum 110,000 ba ƙaramin taro ba ne, amma ba su taɓa zama murya ɗaya ba, domin abin da ya haɗa su tsadar fetur ce, ita kuma ta tafi. Shirin ya kashe ƙarfinsa wajen shigar da mutane, bai tanadi abin da zai riƙe gidajen gas a ranar da mai ya yi arha ba. Ranar kuwa kullum tana zuwa.

Ajantina ta fara nata shirin a 1984, daidai lokacin da na Niyu Zilan ke ganiyarsa, kuma faɗuwar farashin 1986 ba ta kashe shi ba. Bambancin shi ne an bar harajin fetur a sama na gas a ƙasa shekara bayan shekara, ta yadda mai zuba jari a gidan gas zai iya lissafin shekara goma. An kuma fara da tasi a manyan birane, motocin da ke cin nisa kullum a cikin gari ɗaya. Har yau ƙasar na da motocin gas sama da miliyan ɗaya.

A Delhi ta Indiya kuwa ba farashi ne ya turo maganar ba, tari ne da ciwon ƙirji. Masu fafutukar tsaftar iska suka bi ta kotu, a watan Yulin 1998 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin motocin bas na birnin su koma gas kafin ƙarshen Maris na 2001. Wa'adin ya zo gidajen gas ba su wadata ba, masu keke mai ƙafa uku suka riƙa kwana a layi, amma zuwa ƙarshen 2002 an gama. Tunda umarni ne a kan motocin haya, babu maganar komawa fetur in ya yi arha. Pakistan ta faɗa ramin da ke ɗaya gefen: gas ya yi arha sosai, motoci suka haura miliyan biyu wajen 2010, har buƙata ta fi abin da rijiyoyi ke bayarwa. Aka shiga rabon gas tsakanin gidaje, masana'antu, kamfanonin taki da motoci, ana rufe gidajen gas kwanaki a mako, musamman da sanyi.

Babu inda aka tara jama'a a kan wannan batu kamar Amurka. A watan Yulin 2008, watan da gangar mai ta kai dala 147, attajirin mai T. Boone Pickens ya fito da wani shiri: a samar da lantarki daga iska, a saki gas ɗin da ake ƙonawa a tashoshin wuta ya koma motoci, ƙasar ta rage dogaro da man waje. Tallace-tallace suka cika talabijin, aka yi ta tarukan gari, mutum fiye da miliyan ɗaya suka yi rajista ta intanet, suna aika wa wakilansu saƙo, suna zuwa ofisoshinsu. Daga wannan guguwa ƙudirin da aka fi sani da NAT GAS ya shiga majalisa a 2009, aka sake gabatar da shi a 2011, ya samu sa hannun 'yan Majalisar Wakilai kusan 180 daga jam'iyyun biyu. Abin da ya ƙunsa rangwamen haraji ne na wasu shekaru ga mai sayen motar gas, musamman manyan motoci, da mai gina gidan gas. A watan Maris na 2012 aka kaɗa ƙuri'a a Majalisar Dattawa, ya samu 51, masu adawa 47. Ana buƙatar 60 kafin ya wuce.

An yi ta bayani kan dalilin faɗuwar. Wasu ba sa son gwamnati ta fifita wani makamashi da kuɗin haraji. Masana'antun da ke amfani da gas wajen yin taki da sinadarai na tsoron farashinsa ya hau. Masu kare muhalli da suka fara da yabo sun yi sanyi bayan an gane cewa gas ɗin da ke yoyo daga rijiyoyi da bututai yana ɗumama duniya fiye da hayaƙin mota mai nauyi daidai da nasa, nesa ba kusa ba. Duk waɗannan sun taka rawa. Amma ko da ƙudirin ya wuce, ƙasan da aka gina shi a kai ta riga ta fara zamewa. Fasahar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ta sa gas ya yi arha a Amurka, har ya sauko ƙasa da dala 2 a ma'aunin kasuwarsu a 2012 bayan ya haura 13 a 2008, ita ce kuma ta buɗe rijiyoyin mai a Dakota ta Arewa da Tekzas. Hujjar dogaro da man waje ta yi rauni. A 2014 farashin mai ya fara gangarowa daga sama da dala 100, zuwa farkon 2016 ya sauka ƙasa da 30. Rundunar masu rajistar nan ba wanda ya kore ta. Ta watse ne a hankali, kamar yadda direbobin Niyu Zilan suka watse shekara talatin kafin nan, sai dai su waɗannan ko tukunyar ma yawancinsu ba su kai ga saya ba. Ƙaramar motar Honda mai amfani da gas zalla, wadda ke kasuwa tun 1998, an daina ƙera ta a 2015.

Duk da haka gas bai bar titunan Amurka ba. Ya zauna a motocin kwashe shara da bas-bas na birane da wasu motocin dakon kaya, waɗanda ke fita da safe su dawo gareji ɗaya da dare, inda injin ɗura gas nasu ne na kansu, ana cika su a hankali suna fake har gari ya waye. Hukumar bas ta Los Angeles ta sallami bas ɗinta na ƙarshe mai dizal a farkon 2011, shekara guda kafin ƙuri'ar Majalisar Dattawa, kuma dokokin tsaftar iska na yankin ne suka kai ta can. Masu irin waɗannan motoci kan sayi gas da kwantiragin shekaru, su san nisan da kowace mota za ta ci kafin a saye ta, yawancin injinan kuma na gas ne zalla, babu tankin dizal a jiki. Ƙudirorin da ake muhawara a kansu a yau galibi sun fi ba da ƙarfi ga mai mota ɗaya da kuɗin tukunyarsa, domin shi ne ke zuwa taro, shi ne ke da ƙuri'a. Sashen da ya shafi bututu, da wanda zai tabbatar da gas a gidajen sayarwa, da yadda harajin zai kasance in gangar mai ta sake komawa dala 30, shi ne ake barin wa kwamiti.