Littattafai da fina-finan juyin juya hali: amsoshin tambayoyin da kuka dame ni da su

Na daɗe ina sayar da littattafai da tura fina-finai a waya a nan Kano, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Don Allah a karanta kafin a sake tare ni a bakin shago.

Wane irin labari ne wannan?

Na ƙasar da zalunci ya yi wa katutu, har tura ta kai bango talakawa suka yi bore. Wani a zamani mai zuwa, wani a duniyar sihiri. Shi ke nan.

Da wanne zan fara?

Gandun Dabbobi. George Orwell ya fitar da shi a 1945, Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da shi Hausa a 1975. Ba ka da uzurin Turanci.

Masu sharhi sun ce ƙarshen Hunger Games ya ɓata labarin. Gaskiya ne?

Wannan maganar tana ƙona mini rai. Hunger Games jerin littattafai ne da fina-finai kan ƙasar da mahukunta ke tilasta wa yara wasan kashe juna. An kawo wa Katniss, jarumar labarin, azzalumin Shugaba Snow a ɗaure, sai ta juya kibiyarta ta harbe Coin, shugabar 'yan tawaye, domin ita ma ta kawo shawarar a sake wasan kashe yara, wannan karon da 'ya'yan tsofaffin mahukunta. Masu sharhin nan ramuwa suka zo kallo. Wanda ya ga aladun Gandun Dabbobi sun miƙe da ƙafa biyu riƙe da bulala, ba zai rubuta haka ba. Ku riƙa gama labari kafin ku yanke masa hukunci.

'Yata shekararta 13, in bar ta ta kalli Hunger Games?

To, Hajiya, a nan sai a hankali. Ki fara sanin abin da ke ciki: gundumomi 12, kowace ta ba da namiji da mace 'yan shekara 12 zuwa 18, a zuba yara 24 a fili su kashe juna. Akwai kuma sumbata, wadda ba kowane gida zai lamunta ba. Ya danganta da yarinyar. Wani maƙwabcina ya tura wa ɗansa, yaron ya kwana biyu yana firgita cikin barci saboda mutuwar ƙaramar yarinyar nan Rue, alhali ƙanwarsa ta kalla ta tashi ta ci tuwonta. In tana jin Turanci, zan fi son ta fara da littafin, tunda tana iya rufewa ta huta, amma shi ma bai ɓoye jini ba. In fim ɗin mai fassarar Hausa ne, ki saurara tukuna, don na sha jin mai fassara yana zuba barkwanci a daidai inda ake makoki, sai yaro ya ɗauki kisa abin dariya. A ganina ki zauna ku kalla tare, da rana, wayar na hannunki. In ranki bai kwanta ba, ki jira shekara biyu, fim ba ya ruɓewa.

Ba ya zuga matasa su tayar da fitina?

Kwantar da hankalinka, Alhaji. Gaskiya ne masu zanga-zanga a Tailan sun ari gaisuwar yatsu uku daga fim ɗin a 2014. Amma juyin mulkin soja ne ya fito da su titi. An kafa NEPU a garin nan a 1950, kuma talakawan da suka bi Malam Aminu Kano ba fim suka kalla ba.

Akwai namu na Hausa?

Akwai mana. Ku nemi Tura Ta Kai Bango na Sulaiman Ibrahim Katsina. Ba na sihiri ba ne, siyasar talaka ce zalla, kuma nawa na kaina ba na ba da aronsa.